Jan Zare a Rigar Suruki

Armaya'u maɗinki ne a kasuwar Batsari, kuma gaskiya ɗaya ce, ya iya allura. Abin da bai iya ba shi ne a ce masa ya yi kuskure. Su biyar ne ke zama a rumfarsu, kowa da riga a cinya, amma duk wanda ya zo da aikin da yake so a yi zancensa a gari, gaban Armaya'u yake tsugunawa. Wannan abu ya shiga kansa tun yana saurayi, ya sami wuri ya zauna.

Shekarun nan ne na bayan Yaƙin Bama. Sojoji sun dawo gida da manyan takalma, kaya sun fara komowa kantunan Turawa a Katsina bayan an sha wahalar tufafi, kowa idonsa na kan sabon abu.

Matarsa Tasalla 'yar Zakka ce, ɗiyar wani manomi da ake kira Yusha'u. Tsakanin Armaya'u da surukin nasa sai kunya, yadda aka gada. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba. In suka yi kiciɓis a hanya sai ya tuɓe takalmi, ya ratse, ya tsuguna yana kallon gefe. Shi kuwa Yusha'u mutum ne marar yawan magana, kuma da abu guda aka san shi: ba ya ƙarya. In rigima ta tashi kan iyakar gona a Zakka, aka ce ga abin da Yusha'u ya faɗa, to an gama. Har gemunsa ya yi fari bai taɓa mallakar riga mai aiki ba. Taguwa ce tasa, sai 'yar shara ranar Juma'a.

Bayan an gama kaka sai ga ƙunshi daga Zakka. Inno, uwar Tasalla, ita ta aiko. Farar riga ce ta saƙi, audugar gonarsu, Inno ta kaɗa da hannunta, masaƙi ya saƙa, aka harhaɗa. Tare da rigar akwai curi-curin zaren tsamiya. Fulanin Babban Duhu ne ke ciro mata gidajen tsutsar a daji, ta dafa da ruwan toka, ta shanya, ta kaɗa kaɗan-kaɗan in aikin gida ya sarara. Saƙon gajere ne: a yi wa Malam, mijinta, aiki daidai talaka, aska biyu, ya sa ranar Ƙaramar Sallah.

Armaya'u ya kwance zaren a rumfa ya ja shi tsakanin yatsu. Tsamiya ba ta da ƙyalli. Launinta na ƙasa ne, kamar bayan tukunya, sai dai riga kan mutu ta bar ta. Wannan kuma idon Inno ya fara rauni, zaren ya yi kauri nan ya sirance can.

Ya ce, "Wannan zare ne ko igiyar ɗaure akuya?"

Mani, wanda ya girme su duka a rumfar, ya miƙo hannu ya taɓa. Ya ce, "Tsamiya ce ta gaske, ɗan nan. A murje ta da ɗan kakin zuma ta bi allura. Mu ina muke ganin irinta yanzu?"

Armaya'u ya mayar da zaren cikin lefe, ya ɗora tsumma a kai.

An taɓa kawo masa gulma cewa mutanen Zakka suna faɗin Yusha'u ya ɗauki ɗiya ya ba mai aikin zaune, wanda hannunsa bai san ƙotar fartanya ba. Ko an faɗa ko ba a faɗa ba, maganar ta tsaya masa a rai. Ya ƙudurta zai yi rigar da in tsohon ya shiga filin idi, sai kowa ya tambaya wa ya ɗinka. Akwai son surukinsa a cikin wannan niyya, ba za a hana shi ba. Amma son kansa ya fi yawa.

Ana cikin haka wani ɗan koli ya sauka kasuwar da kaya daga Katsina. Cikin kayan akwai wani jan zare mai sheƙi, sumul kamar gashin jariri, an naɗe shi a 'yar takarda mai hoton tsuntsu. Ɗan kolin ya ce ƙanen alharini ne, har ya fi wansa haske. Armaya'u ya ɗaga shi a rana, zuciyarsa ta tafi.

Mani ya ce, "Tauna ka tofa."

Haka maɗinka ke yi tun kaka da kakanni. Duk zaren da aka rina, kafin ya hau farar riga sai an gutsuri kaɗan an tauna, an tofa a farin ƙyalle. In yawu ya fito fari, zare ya kama rini. In ya fito da launi, a mayar wa mai shi.

Armaya'u ya yi dariya. "Haba Baba Mani, zaren Turawa ne fa. Ba rinin tsohuwa ba ne a kasko."

"Turawan ba su da ruwa a garinsu?"

"Ku dai kun saba da tauna. Haƙoran ma ai sun ƙare."

'Yan rumfa suka fashe da dariya. Mani ya ce, "To, gwani," ya koma kan hularsa.

Armaya'u ya shimfiɗa rigar, ya ɗauki alƙalami da tawada ya zana. Bai ja aska biyu da aka ce ba. Aska takwas ya ja, irin ta hakimai da manyan fatake, dogayen harsuna suna gangarowa daga wuya zuwa aljihu, ga tambari a ƙirjin dama, ga wani a baya. Gefen askakin ya bi su da sarƙa, ɗinki ƙanana kamar jerin tururuwa. Cikinsu ya cike da idanu, irin waɗanda ake huda ƙyalle da tsinke a zagaye ramin da zare, wannan na jingine da wancan kamar saƙar zuma. Tambarin kuwa ya kwantar da zare ruɓi-ruɓi yana ɗaure shi a hankali, har da'irar ta tashi ta yi tudu. Aiki ya yi kyau, wannan ba gardama. Mutane kan bar cinikinsu su zo su tsaya a bakin rumfa suna kallo.

Rani ya wuce, bazara ta shigo da zafinta, aiki ya haura rabi. Wata rana ya yanki zare ya riƙe a baki, allura ta suɓuce masa ta shige tabarma, ya daɗe yana lalube. Da ya ɗago sai Mani ya dube shi.

"Kai Armaya'u, goro ka samu kake ci kai kaɗai?"

Ya shafa leɓe da bayan hannu. Ja wur. Rabonsa da goro tun jiya.

Ya ce, "Goro ne, Baba Mani."

"To a sam mana."

"Ya ƙare."

Mani ya ƙara dubansa, ya koma kan ɗinkinsa.

Armaya'u ya tashi kamar zai kama ruwa, ya zagaya bayan rumfa. Can ya yi abin da ya ƙi yi tun farko. Ya tauna, ya tofa a farin tsumma. Tsumman ya yi kamar an yanka zakara a kai. Ya tona rami da ƙafa ya binne tsumman kamar mai binne abin sata.

Lokaci bai ƙure masa ba, wannan ya kamata a sani. Azumi ma bai kama ba. Zaren Inno yana nan cikin lefe, aska biyu kuma ba ta da nisa a hannun irin su Armaya'u. Amma warware aiki a rumfa ake yinsa, da rana tsaka, gaban waɗanda suka yi dariya ranar da ya ce haƙoran Mani sun ƙare. Ya auna dariyar abokan zama da mutuncin tsoho guda, ya ga dariyar ta fi nauyi. Ya ce a ransa, ai manomi ba ya wanke irin wannan riga. Zai sa ta da safe, ya tuɓe da azahar, Inno ta ninke ta sa a adudu sai baɗi. Wa zai sani?

Ya koma ya zauna ya ci gaba. Sai dai daga ranar ba ya ƙara lasar bakin zare, kuma in gumi ya taru masa a goshi sai ya kau da kai gefe da sauri. In masu kallo suka yaba, sai ya ji kamar ana zuba masa garwashi a cikin riga.

Ƙa'idar sana'a ita ce, rigar da ta yi watanni a cinya sai an wanke ta da sabulun salo, tawadar zane da dauɗar hannu su fita, sannan a kai wa mabugi ya buge ta ta kwanta. Armaya'u bai wanke ba. Alli ya samu ya goge wuraren da suka yi duhu, ya kai wa mabugi ya ce kada ya fesa ko ɗigo.

Mabugin ya ce, "Riga ba ruwa ai ba ta kwanciya."

"Buga dai, ni na san abin da nake yi."

Sai ana gab da Sallah ya kai rigar gida. Tasalla ta warware ta, ta yi tsaye.

"Malam, wannan ta wa ce?"

"Ta Baba mana."

"Baba? Ja? Mutumin da ko jar hula bai taɓa ɗorawa ba? Ina zaren Inno?"

"Yana nan. Bai yi ba."

"Tun bara take kaɗinsa fa. Har cewa take in ta gama wannan ta aje mazari."

"Ke kika san zare ko ni?"

Ta ninke rigar. Shi kuwa ya fita zaure ya zauna, don ya kasa haɗa ido da ita.

Ranar jajibere suka isa Zakka. Armaya'u ya sauka gidan wani abokinsa, tunda suruki ba ya kwana gidan surukai, Tasalla ta shiga da rigar. Da ta fito kawo masa ruwan buɗa baki ya tambaye ta abin da aka ce.

"Baba ya ce Allah shi yi albarka."

"Inno fa?"

"Ta juya cikin rigar ta duba, ta shinshina. Ta ce an gode."

Sallar shekarar nan a tsakiyar marka ta faɗo. Gari ya waye da hadari a gabas. Armaya'u ya fita idi yana duban sama fiye da yadda yake duban gabansa. Ya sami wuri a sahun baya, ya hango surukinsa can gaba, jan aikin yana ƙyalli a gadon bayansa kamar wuta a duhu. Ya ji wani a gefensa yana tambaya wa ya yi wannan aiki, wani ya ce surukinsa ne na Batsari, aka ce kai, yaron nan gwani ne. Abin da ya nema ke nan, ya kuwa samu, amma bai wuce masa tsawon raka'a biyu ba.

Liman na fara huɗuba ruwa ya sauko. Mutanen kirki ba sa tashi sai an shafa, Yusha'u kuwa yana cikinsu. Armaya'u yana kallo tambarin baya ya jiƙe, ya yi duhu, sannan ya fara zuba. Ja ya gangaro bisa farin saƙi layi-layi, ya haɗe, ya bazu har ƙugu. Aka shafa fatiha, tsohon ya ɗora hannu a ƙirji ya kai fuska, farin gemunsa ya rine. Ya miƙe, wandonsa ma ya sha. Samari suka fara toshe baki. Yusha'u ya dubi ƙirjinsa sau ɗaya, ya ɗauki buzunsa, ya bi hanyar gida da irin tafiyarsa ta kullum.

Armaya'u ya so ƙasa ta tsage. Amma gaisuwar Sallah ba a tsallake ta. Da ruwa ya ɗauke ya je ya tsuguna a bakin zauren surukinsa, daga waje, kai a sunkuye. Zauren cike yake da dattawa. Yusha'u bai tuɓe rigar ba. A ciki har da Lado, taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya raga masa.

Lado yana cewa, "Jangwada! Ɗan gyaɗa mana kai mu gani. Jama'a, ga ƙadangare mai jan kai, ku nemo masa katanga ya hau ya sha hantsi."

Zaure ya ɗauki dariya. Yusha'u ya ce, "Kai dai Lado, ko a lahira sai an ware ma wuri."

"To wai wa ya yi ma wannan aika-aika? Ba gwanin Batsari ba ne? Af, ga shi nan ma a ƙofa. Kai maɗinki, da jinin mi ka ɗinka wa ubanka riga?"

Wani dattijo ya ce da ma yana shirin aika wa maɗinkin tasa rigar, Allah ya so shi.

Yusha'u ya ce, "Ku bar yaro. Ni na ce a sa ja. Ya aiko mani cewa zaren ba shi da tabbas, na ce ko da haka. Tsufa ne. Ido ya ga abin yara ya so."

Lado ya ce, "Kai ɗin?"

Tsohon bai amsa nan da nan ba. Ya yi shiru yana murza bakin tabarma, shirun ya ɗan yi tsawo. Armaya'u ya yi kamar zai buɗe baki ya faɗi gaskiya. Sai ya ce wa kansa, suruki ba ya ƙaryata surukinsa a gaban mutane. Haka ne kuwa, al'ada ce. Amma shi ma ya san ba ladabi ne ya rufe masa baki ba. Ya sami bango ne ya laɓe.

Yusha'u ya ɗago ya ce, "Ka taɓa jin na faɗi abin da ba shi ke nan ba?"

Ba wanda ya taɓa ji. Dariya ta koma kansa gaba ɗaya. Aka ce ashe tsoho da sauransa, aka ce Inno ta yi hattara. Dattijon nan ya leƙo ya ce wa Armaya'u ya yi haƙuri, rigar tasa na nan tafe.

Sunan ya bi Yusha'u. Kafin a gama tuwon Sallah ya kai har garin Safana, mahauta na kiransa da shi ranar kasuwa. Armaya'u kuwa bai rasa ko hula guda ba. Har yaba masa ake, wai ya faɗi gaskiya tsoho ya ƙi ji. Da labarin ya iso rumfa Mani bai ɗago daga ɗinkinsa ba, ya ce kawai, "Ashe ka gaya masa." Armaya'u ya soki yatsansa da allura. A gida Tasalla ba ta ƙara tayar da zancen ba, tana kawo tuwo ta aje ta koma. Ya gwammace ta zage shi.

Da abin ya ishe shi ya ari fartanya ya kama hanyar Zakka. Ya tarar da tsohon shi kaɗai a gonar dawa yana maimai, noma na biyu. Ya tuɓe takalmi ya tsuguna nesa kaɗan, ya ba shi gefe. Suka gaisa, aka tambayi Tasalla, da mutanen Batsari, da ruwa, da gajiyar hanya. Sannan Armaya'u ya yi magana yana kallon ƙasa.

"Baba, na san zaren nan yana zuba. Tun bazara na sani. Ban aiko da komai ba."

"Na sani."



Yusha'u ya dogara da ƙotar fartanya. "Tun jajibere Inno ta ce ba a wanke ta ba. Maɗinki ba ya ƙin wanke riga sai da dalili."

"To Baba, mi ya sa kuka sa ta?"

"Gari duk ya san ka kawo riga. In na fita da 'yar shara sai a tambaya. Na ce ko Allah zai riƙe ruwan."

"Zan je Safana ranar kasuwa, in faɗa gaban kowa. Zan sami Baba Lado in gaya masa."

"Ka gaya masa mi? Yusha'u ya gama azumi ya zauna ranar Sallah ya yi ƙarya?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Jangwada sunan wasa ne, ina iya ɗauka. In ka buɗe baki yanzu, sunan da za su sa mani ba na wasa ba ne. Duk iyakar da na taɓa shaida a garin nan sai an tone ta."

"Baba, ni na jawo."

"Kai ka jawo. Ɗiyata kuma a gidanka take ci, allurar nan ita ce gonarku, shi ya sa na faɗi abin da na faɗa. Amma da a zauren nan ka ce a'a Baba, ba haka aka yi ba, da sai a ce tsoho ya so rufa wa yaro asiri, yaro ya ƙi. Da ni da kai duk mu fita da mutunci. Na jira ka. Har shiru na yi don in ba ka wuri."

Armaya'u ya kifa goshi a gwiwa. Can ya ce ko a ba shi rigar ya kai marina a mayar da ita baƙa.

"Inno ta kai. Ba rigar ce ta rage ba." Tsohon ya tofa yawu a tafi ya kama ƙota. "Wanga magana ta tsaya a gonar nan. Ba Lado, ba Tasalla, ba kowa, har in mutu, har bayan na mutu. Ka iya riƙe baki, na gani. To riƙe. Tunda ka zo da fartanya, kama daga can gefen."

Armaya'u ya tashi ya kama. Kafin rana ta take hannun nan mai laushi ya yi bororo, ya fashe, bai tsaya ba. Wasu masu jakai suka biyo hanyar da ta ratsa gefen gonar, ɗayansu ya ɗaga murya.

"Jangwada, sannu da aiki!"

Yusha'u bai ɗago ba. Ya ce, "Yauwa, sannunku. A sauka lafiya."

Armaya'u ya ƙara duƙawa cikin dawa, ya ci gaba da sara.